Gidan Zoo: Dajin da Birni Ya Cim Masa

Duk wanda ya tashi a Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi ya san yawon Sallah ba ya cika sai an je Gidan Zoo. Hawan Daushe na masu ƙarfin kutsawa cikin turmutsutsun Ƙofar Kudu ne. Mu yara lissafinmu daban yake: a bi gidan kawu da na gwaggo a tara barka da Sallah, a ware kuɗin shiga, a ware na rake da alawa, in an samu ragowa a hau mota, in ba a samu ba a taka sayyada. Mu ratsa Gyaɗi-Gyaɗi cikin sababbin kaya, yaya babba na riƙe da hannun ƙarami kamar yadda Inna ta ja masa kunne, har mu tarar da layin da ya miƙe a bakin ƙofa. A nan da yawanmu muka fara ganin kura ido da ido ba a hannun gardi ba, muka kuma gane cewa jimina ta fi yadda ake kwatanta ta tsawo.

Wannan wuri aikin Audu Bako ne, kwamishinan 'yan sandan da ya zama gwamnan farko na jihar Kano bayan an ƙirƙire ta a watan Mayun 1967, ya riƙe ta har zuwa Yulin 1975. An fi tuna shi da madatsun ruwa, irin su Tiga da Bagauda, da noman ranin Kadawa, da sakatariyar da ke ɗauke da sunansa. Amma mutumin yana da wani tunani da ba kowane mai mulki na zamaninsa ke da shi ba: cewa talaka ma yana buƙatar wurin da zai je ya huta, ya ba idonsa abinci. Daga wannan tunani aka samu otal ɗin bakin tafkin Bagauda, da Rock Castle na Tiga, da kuma gidan namun dajin da aka kafa a farkon shekarun 1970, a kan fili mai faɗin fiye da hekta 40. Sunansa na takarda yana ɗauke da na Audu Bako, amma bakin mutane ya yanke masa gajere, Gidan Zoo, har titin da ya bi ta gabansa ya ci sunan.

A lokacin nan wurin bayan gari ne. Gonaki ne ta ko'ina, Darmanawa ƙauye ce, ba a ma kafa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ba, sai a 1988. Wanda ya zaɓi filin ya zaɓe shi ne don ya yi nesa da hayaniya. Sai gari ya taso. Gandun Albasa ta cika, Tukuntawa da Sheka suka tumbatsa, Hausawa ta haɗe da Gyaɗi-Gyaɗi. Titin ya koma matattarar 'yan fim, ofis kan ofis. Aka yi filin baje-koli, aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014, mahaɗar Dangi kuma gada ta hau kan gada. Dajin bai motsa daga inda yake ba, birni ne ya zo ya yi masa zobe.

Shekarar 2019 ce ta fito da Gidan Zoo idon duniya, kuma ba ta hanyar da masu kula da shi za su so ba. A watan Yuni, bayan ƙaramar Sallah, aka wayi gari kuɗin shigar da aka tara a kwanakin bikin, wajen naira miliyan 6.8, sun yi ɓatan dabo. Labarin da ya fita, wanda aka jingina wa wani ma'aikacin wurin, shi ne wai goggon biri ne ya shiga ofis ya haɗiye su. Kafin a ce kwabo zancen ya tsallaka teku, jaridun Turai da Amurka suna ta yi mana dariya. 'Yan sanda suka kama wasu ma'aikata, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha ta bincika, ya kuma fito ya ce gidan ba shi ma da goggon biri ko ɗaya. Wannan ita ce gaɓar da ta fi ba ni dariya, ta kuma fi ba ni takaici: dabbar da aka ɗora wa laifi ba ta taɓa kwana a gidan ba. Kanawa dai suka taɓe baki suka ce biri ya yi kama da mutum.

Ba a gama wannan ba, a watan Oktoba zaki ya kuɓuce wa ma'aikata lokacin da ake ƙoƙarin mayar da shi keji. Bai fita daga harabar ba, amma wa zai yarda da katanga alhali zaki na sake? Kusan kwana biyu unguwannin kewaye suna barci da ido ɗaya, iyaye na tsare yara a gida, jita-jita na yawo cewa an gan shi can, an gan shi nan. Shi kuwa gogan naka ya faɗa wa awakin da aka tanada, ya yi Sallarsa, kafin a samu ya koma mazauninsa.

Da waɗannan abubuwa biyu a zukatan mutane aka shiga 2020, kuma a ƙarshenta gwamnatin jiha ta bayyana cewa za ta tashi Gidan Zoo ta mayar da shi Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji. Hujjar da aka bayar ita ce jama'a sun yi wa wurin yawa, ƙarar motoci da hayaniyar gari suna takura wa dabbobi, sannan akwai hatsari ga makwabta.

A gaskiya hujjar ba ta banza ba ce, kuma wanda ya kwana da fargabar zaki a Tukuntawa ba zai ce ƙarya aka yi ba. Amma tambayar da ta cika gidajen rediyo da majalisun unguwa da shafukan Facebook ba ta dabbobi ba ce. Ita ce: in an kwashe su, filin fa? Wa za a yanka wa? Shaguna nawa za su fito? Kanawa ba su yi wannan zargi haka siddan ba, ruwa ba ya tsami banza. A idonsu aka ba 'yan kasuwa otal ɗin Daula, a idonsu shaguna suka tsiro a jikin Filin Idi da gefen ganuwa, kafin nan kuma a idonsu aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Masu kula da muhalli suka kawo tasu hujjar, wadda a ganina ta fi kowace nauyi. Cikar da gari ya yi, wadda aka ce ita ce dalilin tashi, ita ce babban dalilin zama. A duk wannan yanki, daga Dangi har Sheka, ina kuma za ka samu itatuwa masu shekara 50 a tsaye wuri guda? Wanda ya shiga wurin a tsakiyar watan Afrilu ya san bambancin iskar ciki da ta bakin titi. Itace ba akuya ba ce da za a ɗora a mota a kai Tiga.

Sai kuma batun nisa. Tiga tafiyar wajen kilomita 70 ce daga birni. Mai mota zai zuba iyalinsa ya je ya dawo, ya ma ji daɗin tafiyar. Mai gadin da ke Darmanawa da 'ya'ya shida fa, wanda kuɗin adaidaita sahu ma sai ya yi ciniki? Malamar firamaren da ke jero ɗalibanta biyu-biyu ta kai su su ga kada fa? Tarihin Audu Bako kansa ya ba da amsa. Abubuwan shaƙatawar da ya gina a nesa ba su ɗore a matsayinsu ba: otal ɗin Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi, Rock Castle ya shafe shekaru a yashe. Wanda ya rayu shi ne wanda ƙafar talaka ke iya kaiwa.

Irin wannan ja-in-ja ba a Kano kaɗai ake yin ta ba. A Amurka, inda aka buɗe Disneyland a 1955, akwai mutanen da suka haddace kowane lungu na wuraren wasan kamfanin Disney, kuma ba sa yafe wa shugaban da ya taɓa musu abin da suka hau suna yara. A watan Yunin 2020 ɗin nan dai kamfanin ya sanar da cewa zai sauya Splash Mountain, wani jirgin ruwan wasa mai gangarowa daga tsauni, saboda an gina labarinsa a kan wani fim na 1946 da ake zargi da ƙawata zamanin danniyar baƙar fata. Aka rabu biyu, kowane ɓangare na tara sa hannu. Kamfanin bai fasa ba: ya rufe shi a 2023, ya buɗe Tiana's Bayou Adventure a madadinsa a 2024. Amma ƙorafin masoya kan tsadar tikiti da sabbin caje-caje ya bi shugaban kamfanin, Bob Chapek, har zuwa ranar da aka sauke shi a Nuwamban 2022. Can baya ma, a 2004, Roy E. Disney ya jagoranci gangamin da ya sa kashi 43 cikin 100 na ƙuri'un masu hannun jari suka ƙi mara wa shugaban kamfanin na wancan lokaci, Michael Eisner, baya.

Bambancin shi ne su suna da hannun jari da tikitin shekara da za su yi barazanar janyewa. Mai son Gidan Zoo ba shi da ko ɗaya. Makaminsa wayar da zai buga wa gidan rediyo, da surutun teburin mai shayi, da ƙuri'ar da yake jefawa bayan shekara huɗu. Duk da haka, har gwamnatin ta sauka a Mayun 2023, ba a ɗaga keji ko ɗaya zuwa Tiga ba. Wadda ta gaje ta, ta Abba Kabir Yusuf, ta shigo da rusau a makonnin farko: sabon ginin Daula, shagunan Filin Idi, har da shatale-talen gidan gwamnati da aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50. A wannan karon wasu daga cikin masu kukan jiya suka koma tafi, masu tafin jiya suka koma kuka. Haka abin yake a Kano, ko dutse ka ajiye a titi sai an tambaye ka launin hularka.

Ni dai ina da ƙorafi a kan mu masoyan ma. Mun iya tashi tsaye ranar da aka ce za a ƙwace, amma a sauran kwanakin shekara wa ke leƙawa? Sallah biyu muke zuwa, mu cika wurin maƙil, yara na jifan birai da ɓawon rake, manya na zungurar kura da kara don ta tashi a ɗauke ta hoto, mu watse mu bar ledoji. Zaki kuwa kullum sai ya ci nama, giwa kullum sai ta ci ciyawa, ko an zo ko ba a zo ba. Kuɗin ƙofa na kwana goma ba zai riƙe gida wata goma sha biyu ba, ko da babu goggon birin da zai haɗiye su. Dabbobin da suka tsufa suka mutu, maye gurbinsu sai da kuɗi mai yawa da takardun izini na ƙasa da ƙasa, shi ya sa dattijon da ya san wurin a shekarun 1980 yake zagayawa yana nuna keji yana cewa da kaza ne a nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu magana. A Gidan Zoo kuwa har 'yan kallo sun samu nasu kason na bugun.

Wurin dai yana nan inda Audu Bako ya bar shi, shi kuma ya rasu tun 1980 bai ga yadda gari ya kewaye shi ba. Ranar Sallah layi na miƙewa kamar da, sai dai yanzu a adaidaita sahu ake sauke yaran Darmanawa, kowa da waya a hannu. Na raka 'ya'yan ƙanwata a wata Sallah da ta wuce. Mun ga jimina, mun ga kada kwance baki buɗe, mun tsaya gaban zaki yana hamma. Da muka zo wajen birai sai ƙaramin ya ja mini riga.

"Kawu, wanne ne ya cinye kuɗin?"