Yadda Kuɗin Gwamnati Ya Buɗe Wa Baƙaƙen Fata Ƙofar Asibitocin Amurka

A wannan makon mun leƙa tarihin Amurka ne, mu ga yadda aka fara rage tazarar da ke tsakanin fararen fata da baƙaƙen fata wajen samun magani.

Har zuwa farkon shekarun 1960, asibitoci da dama a kudancin ƙasar ba sa karɓar baƙar fata sam, waɗanda ke karɓa kuma sai su ware musu wani ɗaki can gefe ko a ƙarƙashin gini. Abin takaicin, da kuɗin gwamnati aka gina da yawansu. Dokar Hill-Burton ta 1946 ce ta ba da kuɗin, ta kuma yarda a raba majinyata muddin an ce kulawar iri ɗaya ce. Kowa kuwa ya san ba ɗaya ba ce.

Wani likitan haƙori baƙar fata a garin Greensboro, George Simkins, ya haɗa kai da wasu likitoci da majinyata suka kai asibitoci biyu ƙara. A 1963 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. A 1964 aka yi dokar da ta hana duk mai cin tallafin gwamnatin tarayya nuna wariya. Duk da haka asibitoci da yawa suka yi kunnen uwar shegu.

A ganinmu, abin da ya karya lagonsu shi ne Medicare, wato inshorar lafiyar 'yan shekara 65 zuwa sama, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. Gwamnati ta ce asibitin da bai daina wariya ba, ko sisi ba zai gani ba. Aka baza jami'ai suna duba ɗakunan kwanciya, baƙaƙen ma'aikatan asibiti kuma na tsegunta musu inda aka yi rufa-rufa. Tsofaffi su ne manyan masu kwanciya, wa zai yarda ya rasa kuɗinsu? Kafin shirin ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1966, dubban asibitoci sun bi umarni.

Sai dai shiga asibiti daban, samun kulawa daban. Rahoton Heckler na 1985 ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fata kimanin dubu 60 ke mutuwa duk shekara, waɗanda da sun rayu in da adadin mutuwarsu daidai yake da na fararen fata. Shi ya sa aka kafa ofishin kula da lafiyar tsiraru a 1986. Har yau mace baƙar fata a Amurka ta fi fara haɗarin mutuwa sanadin ciki ko haihuwa kusan ninki uku.