Majalisar Arktik Ta Cika Shekara 30

Ranar 19 ga Satumba, 2026, Majalisar Arktik ke cika shekara 30 da kafuwa. Kafin zuwanta, wannan yanki da ke can ƙuryar arewacin duniya fagen kallon-kallo ne kawai tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, inda jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa ke farautar juna a ƙarƙashin ƙanƙara.

Shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev ne ya fara buɗe ƙofa a jawabinsa na Murmansk a 1987, da ya nemi a mai da yankin dandalin zaman lafiya. Finland ba ta yi sanya ba, ta tara ƙasashe takwas a Rovaniemi a 1991 suka amince su kare muhallin tare. Daga nan Kanada ta ɗauki ragama har aka sa hannu kan kafa majalisar a Ottawa a 1996: ita da Amurka, Rasha, Norway, Sweden, Denmark, Iceland da Finland.

Amma wadda ta fi cancantar jinjina ita ce Mary Simon, 'yar ƙabilar Inuit, wadda ta jagoranci tattaunawar a madadin Kanada. Ita da 'yan'uwanta suka tsaya kai da fata sai an ba 'yan asalin yankin kujera ta dindindin. Ta haka wakilan makiyayan barewar ƙanƙara na Sami da mafarautan Inuit suka samu zama teburi ɗaya da ministoci. Ba su da ƙuri'a, amma ba a yanke shawara a bayan idonsu. An kuma yi dabara, aka ajiye maganar soja a waje tun ranar farko.

Zamanin tashen majalisar shi ne 2011 zuwa 2013: yarjejeniyar ceto a Nuuk, ta malalar mai a Kiruna, sakatariya a Tromso, har Sin da Indiya suka shigo a matsayin 'yan kallo.

Gaskiya ne a 2022 ƙasashe bakwai sun dakatar da zama da Rasha saboda yaƙin Ukraine. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba wanda ya fice, kuma a 2023 Rasha ta miƙa wa Norway shugabanci lami lafiya.

Yanzu ƙanƙara na narkewa, hanyoyin jiragen ruwa na buɗewa, idon manyan ƙasashe na kan mai da ma'adinai. Ƙasashen takwas su riƙe wannan majalisa da hannu biyu, domin ba su da wani zauren da ya kai ta.