Jakar amana da mabaracin hanya: tarihin zaɓi mai wuya a wasannin gem



Yawancinmu idan aka ce gem, abin da ke faɗo mana a rai shi ne shagon nan mai janareto, samari sun yi cincirindo a gaban talabijin ana buga ƙwallo a PlayStation, wanda aka ci shi ke biya. Haka muka san shi a cikin garin Wudil, haka yake a wayoyin ƙannenmu a nan Achika. Amma akwai wani reshe na gem da ya kwashe shekara arba'in yana kokawa da abin da mu ma muke kokawa da shi a kan takarda: yaya za a tsayar da mutum tsakanin abu biyu ya rasa na ɗauka, bayan ya ɗauka kuma abin ya bi shi har makwancinsa?

Masu bin tarihin gem sukan fara ƙirga daga 1985, shekarar da wani matashi Ba'amurke, Richard Garriott, ya fitar da Ultima IV. A wasanninsa na baya jarumi yakan yi sata, ya kashe mutanen gari ya kwashe dukiyarsu, a ƙarshe kuma a yi masa kirari. Wasiƙun da ya riƙa samu ne suka sa ya duba abin da ya ƙera, sai ya sauya akala. A Ultima IV babu wani babban mugu da za a kashe. Aikin ɗan wasa shi ne ya cika halaye takwas: gaskiya, tausayi, jarumta, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin zuciya da tawali'u. Tun kafin a fara, wata mai duba za ta jefo maka tambayoyi, kowace tana haɗa hali biyu faɗa. Ɗaya daga ciki: an ba ka amanar jakar zinariya da ba a ƙirga ba, a hanya ka gamu da mabaraci. Ka kai jakar yadda aka ba ka, ko ka ciro ƙwaya ɗaya ka ba shi, tunda ba wanda zai gane? Mu lura, babu mummuna a cikin biyun. Amana ce da tausayi suka ja daga. A cikin wasan kuma akwai makafin da ke sayar da ganyen magani, kana iya biyansu ƙasa da farashi ba su sani ba. Wasan ba zai ce maka uffan ba, amma ya rubuta.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki dabarar, suka mayar da ita sikeli. Fallout (1997) ya zo da maki na alheri da na sharri. A Fable (2004), na ƙasar Ingila, mugu har ƙaho yake fitarwa, nagari kuma haske ya zagaye kansa. BioShock (2007) ya ba ka zaɓin ka ceci wasu ƙananan yara mata ko ka halaka su ka samu ƙarin ƙarfi, sai dai wanda ya cece su ana aiko masa da kyaututtuka daga baya, har ratar ta zama ba ta taka kara ta karya ba. A ganinmu nan aka yi ɓatan kai. Idan alheri yana biyan kuɗinsa da riba, ai ciniki ne. A 2020 wani tsohon ma'aikacin kamfanin BioWare na Kanada ya ce kusan kashi 92 cikin 100 na masu wasan Mass Effect hanyar kirki suka bi, duk da wahalar da aka sha wajen rubuta ɗaya hanyar. Mutane ko a wasa ba sa son su ga kansu a matsayin mugaye, don haka in ka ajiye musu fari da baƙi, ba ka ba su zaɓi ba.

Tsakanin 2012 da 2014 ne abin ya nuna. A The Walking Dead na kamfanin Telltale (2012) kai ne Lee, kana riƙon wata yarinya, Clementine, a duniyar da ta watse. A kashi na biyu aka miƙa maka abinci guda huɗu, ga mutum goma da yunwa. Ka ba yara? Ka ba mai gadin da kowa ya dogara da ƙarfinsa? Ka ba dattijon da ya tsane ka, ko don a zauna lafiya? Sauran shidan suna kallonka. Babu maki, babu ƙaho, sai fuskokinsu.

Papers, Please (2013), wanda mutum ɗaya, Lucas Pope, ya ƙera, ya fi kusa da rayuwar da muka sani. Kai ƙaramin jami'in shige da fice ne a wata ƙagaggiyar ƙasa, Arstotzka, a 1982. Ana biyanka gwargwadon mutanen da ka tantance daidai, da yamma kuma ka raba ɗan abin da ka samu tsakanin haya, abinci, ɗumama ɗaki da maganin ɗanka. Wata rana wani magidanci zai zo takardunsa cif, ka buga masa hatimi, ya ce matarsa na bayansa. Ta zo, takardarta ba ta cika ba. In ka bar ta ta wuce ka ci gargaɗi, in gargaɗi ya wuce biyu a rana a fara yankar albashinka. In ka mayar da ita ka raba mata da miji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin ofis yana tsine wa na bayan tebur, wannan wasan kan kujerar yake ɗora shi.

This War of Mine (2014), daga Poland, an gina shi ne a kan ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarajevo daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake ba, farar hula ne masu neman abin kaiwa baka. Akwai gidan wasu tsofaffi biyu, miji da mata, suna da abinci da magani, ba su da ƙarfin hana ka. Tsohon zai bi ka ɗaki-ɗaki yana roƙo. In ka kwashe, mutanen gidanka sun ci, amma damuwa za ta kama su, wani ya kasa tashi aiki, wani har ya kashe kansa. A 2020 gwamnatin Poland ta sa wasan cikin jerin abin da ɗaliban sakandare za su iya nazari, kafaɗa da kafaɗa da littattafai.

Shin abin yana taɓa mai wasa da gaske? A 2014 Matthew Grizzard na Jami'ar Buffalo da abokan aikinsa sun sa wasu ɗalibai wasa a matsayin ɗan ta'adda, wasu a matsayin sojan kiyaye zaman lafiya. Waɗanda suka yi ta'asar sun ji nauyin laifi, kuma nan take suka ƙara damuwa da batun cutarwa da rashin adalci. Ƙaramin gwaji ne, an auna shi daf da gama wasa, kada mu ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma ya nuna wani bambanci: mai karatu yana cewa "wayyo, ya yi kuskure", mai wasa kuwa "na yi" yake cewa.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun muna yara ake tambayarmu a dandali: kwale-kwale ya kife da mahaifiyarka da matarka, ɗaya kaɗai za ka iya fitarwa, wa za ka kama? Mu da muke kusa da kogin Wudil mun san ba tambayar wasa ba ce. Akwai tatsuniyoyinmu da ba sa ƙarewa da hukunci, sai da tambayar wane ne ya fi, a watse ana gardama. William Bascom ya tara irinsu daga sassan Afirka a littafi guda a 1975. Abin mamaki, da muka koma rubuta labarai, sai da yawanmu muka koma sikelin Fable. Kishiya tun shafin farko ta fito da ƙahonta, uwar miji tana hanyar gidan boka, jaruma kuwa haƙuri kawai take yi har ladanta ya iso cikin mota. Yaushe rabon mu karanta yarinyar da za ta zaɓa tsakanin kuɗin jarrabawarta da kuɗin asibitin babanta, marubuciya kuma ta ƙi aiko da wani Alhaji ya biya duka biyun?

Wani zai ce ai gem yana da maɓalli, littafi ba shi da shi. To mu koma The Walking Dead. A kashi na farko an rutsa da mutum biyu, Carley da Doug, ɗaya za ka iya ceto, agogo na tafiya. Mutane sun yi ta gardama a kan wannan zaɓi kamar yadda muke yi a kan kwale-kwale. Alhali marubutan wasan labari ɗaya suka shimfiɗa: duk wanda ka ceta, a kashi na uku mace ɗaya ce za ta harbe shi a gefen titi.