Daga dagin bango zuwa kod QR: tarihin ɗan zanen da ke bin mu ko'ina

Wanda ya taɓa zagaya unguwar Birni a Damagaram ya san bango ma yana magana. Dagi da sauran zanen da magina ke yi a fuskar gida suna gaya wa mai wucewa darajar mai gidan, ba sai ya tambaya ba. To yau wani sabon zane ya shigo: ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, kod QR. Daga ina ya fito?

Ba don tituna aka yi shi ba. A 1994 wani injiniya a Japon, Masahiro Hara na kamfanin Denso, ya ƙirƙiro shi don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Tsohon kod mai layi-layi, irin na jikin kwalin magani, haruffa kamar 20 kawai yake ɗauka. QR kuwa yana ɗaukar lambobi har 7,089. Murabba'ai ukun da ke kusurwoyinsa su ke nuna wa na'ura inda zanen yake, ko a karkace aka riƙe shi. Akwai ma wanda in kusan kashi 30 cikin ɗari ya goge, zai karantu.

Kamfanin bai nemi a biya shi kuɗin amfani ba, shi ya sa abin ya bazu. A 2013 birnin Rio de Janeiro na Brazil ya shimfiɗa shi da duwatsu a gefen titi, baƙo ya ɗora talho ya karanta bayanin wurin. Korona kuma, daga 2020, ta kai shi ƙofar gidajen abinci da filayen jirgi.

Amma fa akwai bambanci. Dagi, ido ke karanta shi, tsoho da yaro. QR sai mai babbar talho da rezo, kuma ba ka sanin inda zai kai ka sai ka buɗe. A farkon 2022, a birnin Austin na Amurka, 'yan damfara sun manna kod na ƙarya a na'urorin biyan kuɗin ajiye mota don su kwashe kuɗin mutane.

Don haka kafin ka ɗora talho, duba ko ba manna wani aka yi a kan wani ba, ka karanta adireshin da ya fito, kar ka saka lambar sirrinka. Masu kafa alluna kuma, don Allah ku bar rubutu a gefe, saboda iyayenmu.

Allah Ya tsare mu.