Mutanen da Ba a Rubuta Sunayensu ba a Tsoffin Takardun Ƙidayar Amurka

Tsoffin takardun ƙidayar jama'a suna cikin muhimman kayan aikin mai binciken tarihin zuriya. To, amma a Amurka akwai wata matsala da take ci wa manazarta tuwo a ƙwarya, watau ɗimbin mutanen da aka ƙidaya ba tare da an ambaci sunayensu ba.

An yi ƙidaya ta farko a ƙasar a shekarar 1790, aka sami mutane wajen miliyan 3.9, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne. Manufarta ita ce raba kujerun majalisar wakilai tsakanin jihohi, saboda haka adadi ake bukata, ba suna ba. Daga 1790 har zuwa 1840, sunan maigida ko uwargidan da take riƙe da gida kaɗai ake rubutawa. Sauran jama'ar gidan kuwa sai a zuba adadinsu cikin rukunai bisa jinsi da launin fata da shekaru, da kuma ko ɗa ne ko bawa. Sai a 1850 aka soma rubuta sunan kowane ɗa, sa'an nan a 1880 aka soma bayyana dangantakar kowa da maigida.

Masu nazari sun rabu biyu game da yadda za a yi da waɗannan mutane. Wasu suna ganin kada a shigar da kowa cikin salsala sai an san sunansa. Wasu kuwa suna ganin barinsu a waje tauye tarihi ne, domin yaron da ya rasu kafin 1850, ko yarinyar da aka aurar ta ɗauki sunan mijinta, mai yiwuwa wannan lamba ce kaɗai shaidar zamansu a gidan.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ba kowane mutum gurbinsa, a rubuta abin da takarda ta nuna kawai. Alal misali, idan ƙidayar 1820 ta nuna yaro mai ƙasa da shekara 10, sai a rubuta cewa namiji ne da aka haifa tsakanin 1810 da 1820. Idan kuma a 1830 an ga saurayi mai shekara 15 zuwa 20 a gidan, in har shi ne, haihuwarsa ta koma tsakanin 1810 da 1815. Daga nan sai a nemi sunansa a takardun wasiyya da na rabon gado da littattafan coci.

Sai dai wajibi ne a yi hattara. Ba kowane yaro ne ɗan maigida ba: yana iya zama maraya, ko ɗan riƙo, ko mai koyon sana'a. Haka nan macen da ake zaton uwar 'ya'ya ce tana iya zama matar uba ko ƙanwar maigida. Daɗin daɗawa, a ƙidayar 1820 an saka samari masu shekara 16 zuwa 18 cikin rukunai biyu, wanda bai lura ba sai ya mai da mutum ɗaya biyu.

Matsalar ta fi tsanani ga zuriyar bayi. A 1850 da 1860 an ware musu takardu daban, inda aka jera su ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launi, galibi ba suna. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta a 1865, aka rubuta akasarinsu da sunayensu. Don haka jikokinsu sukan koma ga takardun gado, inda aka lissafa sunan bawa tare da kimar kuɗinsa cikin dukiyar mamaci.

A taƙaice, aikin mai nazari shi ne ya tsaya tsakanin sakaci da ƙage. Idan ya shafe marar suna ya zalunce shi, idan kuwa ya laƙa masa suna ko dangantaka ba da hujja ba, ya ɓatar da waɗanda za su dogara da aikinsa nan gaba.