Abubakar Imam da Rupert East: Haɗuwar Himma da Ƙwarewa a Tarihin Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa yakan fara sanin rubutun zube ne ta hanyar Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda littattafan suka samu, wato ta haɗin gwiwar matashi mai zafin himma da jami'in da ya goge a aikin gyaran rubutu.

Gasar 1933

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausar boko. A lokacin malamai sun fi sabawa da rubutattun waƙoƙi da littattafan addini, ƙagaggen labari kuwa ana yi masa kallon tatsuniya. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

An haifi Imam a Kagara a 1911, saboda haka shekarunsa 22 kacal a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ya zo da raha da iya sarrafa harshe da sanin littattafan Larabci. East kuma ya san tsarin littafi da daidaita rubutu da irin abin da makarantu ke bukata.

Zaman Zariya

A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya na wata shida. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Imam yana rubutawa, East yana dubawa, suna tattauna gyara. Sakamakon zaman shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, inda baƙin labarai suka sa rigar Hausa a bakin aku. Horon bai tafi a banza ba, domin a 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko.

Ƙwarewar East ma tana da iyaka. Ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, bukatun makaranta ne ma'auninsa, kuma ba zai iya samar da barkwanci da karin maganar da Imam ya taso a cikinsu ba.

Kammalawa

Da Imam ya ƙi a taɓa rubutunsa, da wuya baiwarsa ta sami tsarin da ya sa ake karanta shi har yau. Da East ya danne muryarsa, da littafin darasi kawai za a samu. Ya kamata ɗalibi mai sha'awar rubutu ya miƙa aikinsa ga wanda ya riga shi, shi kuma mai gyaran ya bar wa matashin harshensa.