Wa Ke da Ikon Hawa? Tarihin Sharuɗɗan Shiga Wasannin Dawaki

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Gaya da Ajingi da rani zai iya cin karo da yaro a kan doki, ba sirdi ba likkafa, yana tsallake kwazazzabo kamar an haife shi a kai. A wasu ƙasashe irin wannan tsallake gasa ce mai dokoki a rubuce. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba ƙofar da mahayi ke bi kafin ya shiga fage, a nan gida da kuma waje, a ga ko akwai wadda aka buɗe wa wannan yaro.

Sharaɗin farko: barantaka

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Tun daga wancan zamani doki makamin yaƙi ne, kuma mai tsada. Saboda haka sarauta ce ke tsare ƙofarsa. Akwai Madaki, jagoran mahaya, akwai Shamaki mai kula da barga, ga kuma Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Dawakin Tsakar Gida. Talaka yakan hau ne ta hanyar barantaka, watau ya kama ƙafar wani basarake, a ba shi doki da kayan hawa, shi kuwa ya biya da biyayya da jarunta. Sarakunan Gaya, ƙasar da ake cewa daga nan maƙeran farko na Kano suka fito, da irin waɗannan barori suke amsa kiran Sarkin Kano.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙi ya ƙare, amma tsarin bai mutu ba. Ya koma cikin hawan salla. A Hawan Daushe, alal misali, kowane hakimi yana da gurbinsa a jeri, kuma ba a shiga sai a ƙarƙashin tutar wani. Wannan doka ba a rubuta ta ba, amma babu mai ƙetare ta.

Sharaɗi na biyu: muƙamin soja

A Turai ma ƙofar ba a buɗe take ba. An fara gasar tsallake shinge da doki a wasannin Olamfik na 1900 a Faris, aka dawo da ita a 1912, sannan aka kafa tarayyar wasannin dawaki ta duniya, FEI, a 1921. A wancan lokaci fagen na hafsoshin soja ne. Har ma bayan wasannin 1948 an ƙwace lambar zinariya daga ƙungiyar Suwidin a wani fanni na hawa, don an gano ɗaya daga cikin mahayanta saje ne, ba hafsa ba. Mata kuwa sai a 1956 suka shiga gasar tsallake.

Sharaɗi na uku: rajista

Yau abin da ake tambayar mahayi shi ne takarda. A Ingila, mai son shiga gasar da hukuma ta amince da ita sai ya zama ɗan ƙungiyar ƙasa, ya yi wa dokinsa rajista, ya nuna fasfon dokin da shaidar rigakafi. Daga nan ya fara daga ajin 'yan koyo, inda tsayin shinge yake kimanin santimita 90, ya riƙa hawa mataki-mataki, alhali kuwa a Olamfik shinge yakan wuce mita ɗaya da rabi. A dokar FEI, ture sanda laifi huɗu ne, turjiyar farko ma huɗu, ta biyu kuwa fita ce daga gasa. Babu inda aka ce ɗan wane ne kai.

A ƙasar Hausa, wasan da ya karɓi irin wannan tsari shi ne ƙwallon doki, watau folo, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa a garinsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kai. Sai dai kuɗin riƙe dawakin folo, ga talaka, linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza.

Kammalawa

A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma a shekarar ce aka sake tsara Masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Ado da tarihi muna da su. Abin da ya rage shi ne tsani. Barantaka, duk da aibinta, takan ɗauki ɗan talaka ta ɗora a kan ingarma, rajista kuma takan auna shi da gwanintarsa. Yaron da muka fara da shi ya rasa ta farko, bai sami ta biyu ba. Masarauta da ta iya jera ɗaruruwan dawaki ba tare da rikici ba, ba za ta kasa rubuta sunan yaro da dokinsa a littafi, ta kafa masa shinge a bayan gari ba.